Waken da Ba Ya Gama Fure

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har gona yake zuwa ba sanda, sai dai da zarar na ambaci tafiya take tuna cewa tana ciwo.

Kin tambaye ni yaushe zan zo in kama aikin da kika samo mini a ɗakin bincike, tunda sun ce ba za su yi ta jirana ba. Kin san sharaɗin Baba: in zauna sai an gama roron waken turawa. Tsohon irinmu kuwa kin san halinsa, ya fi mutum tsawo, kuma sai shekara ta kusa zagayowa yake tunawa da fure. Shi ya sa na yi dabara irin ta masu digiri, na samo wa Baba sabon iri, gajere, mai nuna da wuri. A raina, kafin a ankara na ɗaure akwati.

Waken bai ba ni kunya ba. Ya nuna da wuri, ya yi 'ya'ya har rassa na sunkuyawa. Abin da na karanta na wuce shi da gudu shi ne, muddin akwai danshi a ƙasa, ana gama roro yake sake fure. Mun yi roro, ya sake. Mun ƙara, jiya kuma na ga rawaya ta rufe gonar. Baba ya tsaya yana kallon furannin kamar jikokinsa, ya ce: "Ai ba a gama ba, Malama. Ni ban canza magana ba."

Ga kuma maƙwabta. Kawu, da ya rantse ba zai shuka abin da bai kai ƙugunsa ba, yanzu shi ke fara sallama da safe, da ganye a hannu, in faɗa masa wace tsutsa ce ta ci. Tela ya shuka, mai shayi ya shuka, kowa ranar da ya ga dama, in na wannan ya bushe na wancan yana toho. Gwaggo ta ce Allah ne ya dawo da ni gida saboda su, kin kuwa san ba a musu da Gwaggo in ta kai magana can.

Akwatina yana nan bayan ƙofa. An ɗora masa buhun iri, wai kada danshi ya taɓa buhun.

Ki ba mutanen aikin haƙuri, in sun gaji kuma kada ki roƙe su. Ki gaishe mini da maigidanki, da 'yan biyu, da Auta. Ga Kawu can yana sallama ta uku. Bari in ja ƙofa in bi shi gona.

Taki,
Ƙanwarki