Hannun Yaya da Ɓawon Walnot

Litinin, 3 ga Maris
Makeron nan na bayan hannun Yaya ya ƙi tafiya. Yau manajan gidan burodinsu ya ce ko ta yi maganinsa ko ya cire ta daga kantar sayar da burodi, wai kwastomomi sai sun kalli hannun kafin su karɓi leda. Ta dawo ko abinci ba ta ci ba. Ni ma na kasa zama, na hau waya. Na ci karo da wata mata a bidiyo tana cewa ɓawon bishiyar walnot yana kashe makero, akwai wani sinadari a ciki, juglon sunansa, da wani kuma wai shi tanin, mai busar da ƙurji. Tuni na yi oda.

Laraba, 5 ga Maris
Ya iso! Kamar kirfa, sai dai wari. Matar ta ce cokali ɗaya a kofin ruwa. Mu da muke sauri? Na juye rabin ledar na tafasa har ya yi baƙi ƙirin. Umma ta leƙo kicin: "Ke Dokta Waya, tukunyar tawa ce ta koma asibiti?" Da ƙyar Yaya ta yarda. Na jiƙa auduga na naɗe mata da bandeji, na ce sai gobe za a kwance. Na ɗauki bidiyo na ɗora. Hannu kawai, ba fuska.

Alhamis, 6 ga Maris
Innalillahi.

Juma'a, 7 ga Maris
Jiya ban iya rubutu ba. Hannun ya rine har wuyan hannu, ga ƙuna, ya ɗuri ruwa. Sabulu, omo, lemun tsami (nan ta ƙwalla ihu), ko gezau. Muka garzaya kemis. Mai kemis ya kalli hannun, ya kalle ni. Wai da juglon ɗin ake rina gashi da ulu, in ya kama fata ba ya fita sai fatar ta sake da kanta. Na ce ai yana kashe ƙwayar cuta. Ya ce a kwalbar gwaji aka gani, "hannun yayarki kwalba ne?" Ya ce ƙunar ta warke tukuna, sannan a fara man makero.

Na koma kan bidiyon matar. Ashe ta faɗa: a gwada a ɗan wuri, kar a rufe, kar ya kwana. A ƙarshe ta faɗa. Ni yaushe rabon da in kalli bidiyo har ƙarshe?

Lahadi, 9 ga Maris
Yaya ba ta min magana. Gado ɗaya, ta ba ni baya. Bidiyona kuwa sai gudu yake, ban taɓa samun masu kallo haka ba. "Anti ina sakamako?" "Anti a ina ake samu?" In shiga, in fita, in sake shiga.

Talata, 11 ga Maris
An mayar da Yaya baya wajen wankin tire, da safar hannu. Wata sabuwa aka sa a kantar. Yaya da ke son hira da mutane! Na wanke mata kayanta, na goge, ba ta ko kalla ba. Tukunyar Umma ma ta rine, kullum sai ta ɗaga min ita.

Asabar, 22 ga Maris
Baƙin ya fara sulluɓewa, makeron ya ja baya. Man kemis ne, ba ni ba. Manaja ya ce jibi ta koma kanta. Da safe ina shafa mata sai ta ce, "A hankali mana, Dokta, ba tire ba ne." Na yi dariya har hanci ya toshe min.

Wata ta rubuto, wai ɗanta na da makero a ka, cokali nawa za ta zuba. Na roƙi Yaya, ta ce tura. Na tura wa mai tambayar hoton hannun ranar Alhamis ɗin nan, na ce don Allah ta kai shi kemis.

Bidiyon kuma na goge. Wayar ce ta cika, ba wani abu ba.