Gawar Habu Tana Jiran Kalmarka, Barista

Zuwa ga mai girma Barista, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar mazaɓarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Ɗanlami mai yadi na titin Jalan Masjid India a Kuala Lumpur. Idan sunan ya ɓace maka, ka tuna shagon da kake ajiye jakarka ranar Juma'a, zamanin kana karatun lauya a jami'ar da ke unguwar Lembah Pantai. Na kira wayarka har yaranka sun haddace muryata, shi ya sa na fito fili.

Na farko, ba zan ci haƙƙinka ba. Da ka koma gida, kai ka tsaya wa 'yan kasuwarmu a kotu lokacin da aka rushe musu rumfuna, ba ka karɓi ko kwabo ba. Wannan ne ya kai ka majalisa. Daga nan Kuala Lumpur na riƙa buga waya gida ina cewa a zaɓe ka, na san hajar da nake tallatawa.

Na biyu, Habu ya rasu. Habu tela, maƙwabcin shagona, wanda ya ɗinka maka kaftanin da ka koma gida da shi. Ya faɗi a kan keken ɗinkinsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ba shi da ɗan'uwa a nan, kuma ba a sakin gawar baƙo sai danginsa sun yi rantsuwa a kotu can gida, an buga hatimi, an aiko. Aiki ne da ƙaramin lauya zai gama kafin shayinsa ya huce.

Na uku, a nan gizo ke saƙar. Ka je gaisuwa wurin mahaifiyarsa, Inna Hajara, ka ce a gaban jama'a kada kowa ya taɓa maganar, ka ɗauka. Aka yi ta sa maka albarka, aka ɗauki hoto, ka shiga mota. Ka san mutanenmu: babba in ya ce ya ɗauka, wa zai tsallake shi? Na samo wani lauya, yayan Habu ya ce ba za su kunyata Onarabul ba. Na lallashi Inna a waya, ta ce ɗa na kowa ne, kada a yi maka gaggawa, tana faɗi tana kuka. Alkawarinka ya zama kwaɗo a ƙofa, makullin kuwa yana aljihunka a Abuja.

Ranka ya daɗe, mu da muke binne mamaci kafin rana ta faɗi, ga namu a cikin firji wata ya kama ya mutu. Likkafaninsa ni na yanka daga yadin shagona, yana nan a naɗe. Limamin masallacinmu, Bamale ne ɗan asalin ƙasar nan, ya daina tambayata, sai dai ya dube ni ya sunkuyar da kai. Matar Habu tana takaba a kan mijin da ƙasa ba ta rufe ba.

Roƙona guda ne, mai baki biyu. Ko dai ka sa a yi takardar a makon nan, ko ka aika wa Inna cewa ka saki maganar, su nemi wani. Na biyun ba zai ci maka komai ba sai 'yar kunya, ita kuwa ba ta kai nauyin gawa ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama da kujerar lafiya, ya kuma ba ka masu gaggauta suturta ka ranar da taka ta zo.

Wassalam.

Ɗanlami mai yadi,
Kuala Lumpur