Ɗanin Yaya Hajo

Kurfi, daren Talata, daminar 1982

Jibi sunan jikana na fari. Murna kamar in yi tsalle, amma raina ba daɗi.

Matan dangi sun ɗinko ƙyallayen da za a haɗa mashi bargo, kowane gefe ɗani biyu. Na Yaya Hajo ya iso daga Tamawa, ya gaza da yatsa biyu. Da hannunta ta auna, kuma yatsunta sun daina miƙewa.

Ɗiyata Binta, mai haɗawa, ta ce, "Baba, da rabin yatsa ya gaza da ya shige, amma wannan sai ya karkatar da bargon. A cire shi."

Yaya Hajo ce ta goye ni. Na ce a rage sauran su dawo daidai da nata. Binta ta ɗauki almakashi, ko sai da safe ba ta ce mani ba.