Wai gari ne, ba magani ba

Umma,

Na tafi da Baba asibiti. Da safe takalminsa ya ƙi shiga, ƙafafun sun kumbura, yana magana yana haki. 

Na ga gwangwanin garin furotin, na gina jiki, a bayan tukwane, ya kusa ƙarewa. Ashe kullum kina zuba masa a shayin safe! Mai ciwon ƙoda fa, Umma! Zuwan da muka yi a baya, da likita ya tambaya ko yana shan wani abu, kika ce babu, a ganinki wai gari ne, ba magani ba.

Kina dawowa ki biyo mu, ki gaya wa likita cokali nawa kike zubawa, ko da Baba zai harare ki. Ni ban sani ba, shi kuma ba zai faɗa ba.

Auta