Ko Hannunka Yana Rawa

Zuwa ga sanyin idona, gawon da ke ba ni inuwa a tsakiyar rani, Baban Mairo,

Assalamu alaikum. Yau kwana arba'in da ka tattara ka koma gidan Yaya Jibrin a Wara, wai don kada in ga mai zanen allunan shagunan Yelwa ya kasa riƙe buroshi. Haba Malam! Allunan na aura?

Ka manta shekarar da muka rasa ɗanmu na fari? Na daina ci, na daina magana, Inna ta yi lallashi har ta gaji. Kai ba ka yi mini wa'azi ba. Ka kai ni bakin ruwa da hantsi, ka miƙo mini fensir da bayan tsohuwar kalanda, ka nuna mini wani kwalekwale da aka kife, ka ce in zana abin da idona ya gani, ba wanda na sani ba. Na bi tsagar katakon, na bi ƙusar da ta yi tsatsa, na bi inda ruwa ya cinye gindinsa. Sai da aka kira azahar na farga, ashe tun safe ban yi kuka ba! Abin da na zana kuwa ɓawon gyaɗa sak. Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ni ma na yi, karon farko.

Kaico, waɗancan Asabar ɗin da muka riƙa komawa bakin ruwan muna zane! Balbela a kan tsibiri, taru a shanye, kafaɗarka dab da tawa, zuciyata kwance kamar tafki bayan iska ta faɗi. Wa ya ce mini karkataccen layi ba aibu ba ne muddin ido ya natsu? Ba kai ba?

To yau don hannunka yana rawa sai ka guje ni? Ya yi ta rawa! Ruwan Kainji ma rawa yake yi, ba mu taɓa fasa zama gabansa ba. Jiya na zauna in zana kujerarka, na kasa, hawaye ya jiƙa takardar.

Ranar Laraba ina tafe a motar farko, kuma ba zan juyo ni kaɗai ba. Zan ɗaura maka maɓallin riga, in riƙe maka kofin shayi, ba gori ba ƙosawa, har ranar da Allah zai karɓi ɗayanmu.

Taka, yau da gobe da ranar tsayuwa,
Delu