Kujerar Mai Jifa

Tallow Creek, Mississippi
Litinin

Zuwa ga matata Vernetta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙugun yayarki Earline, ta fara takawa? Ki ce mata ina yi mata addu'a, ko da yake ban yafe mata ɗauke min mata da ta yi ba. Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani.

Vernetta, garin nan ya haukace. Asabar kwalejinmu za ta buɗe wasannin ƙwallon Amurka na bana, ƙwallon nan ta jifa da karo, amma Koci Wimberly ya ƙi faɗin wanda zai fara a matsayin kwatabak, mai jifa. Jikanmu Lonzo ne, ko baƙon yaron nan Teague da suka ɗauko daga Texas? Ban taɓa zaton wannan abin musu ba ne. Shekara uku Lonzo na zaune a benci yana jiran lokacinsa, bai yi ƙorafi ba, bai gudu wata makaranta ba. Bana ce shekararsa ta ƙarshe. In bai fara yanzu ba, shi ke nan.

Amma gyara zama ki ji wanda ya juya mana baya. Cleophus! Cleophus mai aski, wanda ya yi wa Lonzo askinsa na farko. Ina kan kujerarsa, kumfa a fuska, aska a wuya, ya ce, "Elbert, jikanka yaron kirki ne, amma kafin ya yanke shawarar jifa an gama wa'azi an watse. Baƙon nan kuwa hannunsa bindiga."

Na ce, "Bindiga a hannun makaho. Rabin abin da ya jefa a hannun abokan karawa yake sauka."

Ya ce, "Kai kifi ka sani, tsoho."

Na tashi da rabin gemu na fita. Jiya a coci fasto ya roƙi Allah Ya ba koci hikima, rabin jama'a suka ce amin suna kallona, rabi suna kallon Cleophus.

To, koci ya yi ta shirunsa. Kin san al'ada: wanda zai fara shi ne yake kawo ƙattin nan biyar masu tare masa mutane su ci tarwada a shagonmu na soya kifi ranar Alhamis. Ya zauna a babbar kujerar da ke gaban tebur, ya cika musu ciki, su kuma su kare masa haƙarƙari ranar Asabar. Alhamis za a ga wanda ya zauna. Na sa a kawo min manyan kifi.

Ki gaishe da kowa. Naki har kullum,
Elbert

Juma'a

Vernetta tawa,

Ina gaisuwa, ina fata ke da Earline kun tashi lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan. Ni ma a zaune nake rubutawa.

Jiya tun la'asar shago ya cika. Mutanen da rabona da su tun jana'izar mahaifiyarki duk sun zo, kowa ya sayi shayi mai ƙanƙara kofi ɗaya ya zuba wa ƙofa ido. Cleophus ya kame kusa da taga kamar alƙali.

Sai ga su. Lonzo a gaba, ƙattin biyar a bayansa. Vernetta, na manta da gwiwa. Na ɗaga ludayi sama na ce, "Cleophus, kifi kawai na sani, ko? Buɗe idonka da kyau, mai aski!" Shago ya ɗauki ihu.

Ban rufe baki ba, sai ga Teague ya shigo daga baya, hula a hannu, yana raɓe-raɓe kamar wanda ya ɓata hanya. Jikanki ya ja babbar kujerar, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Zauna, ɗan'uwa, taka ce." Shi kuwa ya wuce kicin ya ɗaura ƙyallen aikina, ya fara juya kifi a garin masara.

Ludayina yana sama, na rasa yadda zan sauke shi.

Na bi shi ciki na ce, "Lonzo, kocin nan ya zalunce ka? Faɗa min, yanzu in je gidansa."

Ya ce, "Kaka, ni koci ya zaɓa. Tun Litinin."

Na ce, "To me wancan yake yi a kujerarka?"

Ya ƙi kallona. Ya ce tun da aka buga masa kai a atisaye watan jiya, haske yana sara masa ido, wani lokaci in ya ɗaga kai zai yi jifa sai ya ga mutum ɗaya ya zama biyu. Ya ɓoye wa kowa, don ya san abin da nake faɗa a gari. Ranar Laraba ya tsaya a gaban ɗakinsa da makulli a hannu, ya kasa tuna abin da ake yi da shi. Daga nan ya kai kansa wurin likitan ƙungiya, likita ya hana shi wasa.

Ya ce, "Kada ka gaya wa tsohuwa." Na ce to. Ga shi na gaya miki.

Da kansa ya kai musu kifin, da burodin masara da wake. Babban cikinsu, wanda ake kira Tanki, ya kalli farantin ya kasa ci. Ni ban taɓa ganin Tanki ya kasa cin komai ba.

Ki yi mana addu'a. Mijinki,
Elbert

Lahadi

Vernetta,

Gaisuwa gare ki da Earline, Allah Ya ƙara mata sauƙi. Wannan gajeriya ce.

An ci mu jiya, ci mai muni. Teague ya yi ta miƙa wa abokan karawa ƙwallo kamar mai rabon kyauta. Tun kafin hutun rabin lokaci filin gaba ɗaya ya ɗauki sunan jikanki: Lonzo, Lonzo! Shekara uku ina mafarkin jin wannan. Da na ji shi, na so su daina. Yana tsaye a gefen fili da baƙin tabarau, na ga yana murmushi, yana motsa yatsun hannun damansa.

Yau bayan coci Cleophus ya tare ni a bakin mota, ya cire hula ya ce, "Elbert, kai ke da gaskiya. Na ji likita zai iya barin Lonzo ya koma wasa nan da mako biyu. Mu je wurin koci tare, ni da kai."

Na ce, "In ka ƙara ambaton sunan jikana da ƙwallo a numfashi ɗaya, da askarka zan aske ka."

Ya mayar da hularsa kai. Gari duka ya dawo bayana, Vernetta, daidai lokacin da na bar wurin. Yanzu ni kaɗai ne a Tallow Creek mai cewa a bar Teague ya ci gaba da jifa, ko da zai jefa wa masu sayar da gyaɗa ne.

Lonzo ya ci abinci a wurina ɗazu. Ya ce kansa ya yi sauƙi sosai, ya tambaye ni ko na ji yadda suka kira sunansa. Na ce kada ya koma. Ya yi dariya ya ce, "Kaka, ba kai ne ka koya min jifa ba?"

Ba zai ji tawa ba. Taki yake ji. Earline tana da 'ya'ya, su karɓe ki. Ki hau motar Laraba, zan jira ki a tasha.

Naki,
Elbert