Rahoton Da Na Rubuta A Kan Mai Gilashi

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Umma da ciwon ƙafarta, da Yaya da yaranta masu hana ka barcin rana. Yaya gareji? Ina fata ka daina shiga ƙarƙashin mota da kanka, ko da yake na san wannan magana ta bayan kunnenka take bi. Ni lafiyata ƙalau.

Baba, bizata saura mata mako shida. Ka san ta shekara biyu aka ba ni, in kula da na'urorin wankin ƙoda na wannan asibiti, in kuma koya wa ɗan ƙasa aikin. Ana iya ƙara mini wa'adi, amma da sharaɗi: sai asibiti ya shaida wa ofishin shige da fice cewa har yanzu babu ɗan ƙasar da zai iya riƙe wurin. Rahoto ake rubutawa, kuma ni mai koyarwar ni ne mai rubutawa, shugaban sashe sa hannu kawai yake yi.

Wadda nake koya wa ita ce matar nan da muke kira Mai Gilashi. Ta girme ni nesa ba kusa ba, 'ya'yanta uku, kuma shekararta goma sha biyu tana ɗaukar wa injiniyoyi baƙi akwatin kayan aiki. Kunnenta irin naka ne. Tana tsaye a bakin ƙofa za ta ce famfon na'ura ta huɗu ya fara gajiya, a buɗe a tarar haka ne. In na tafi, ita za a ba ɗakin gyara.

Na rubuta rahoton, na haɗa da fom da fasfo da hotuna huɗu, an kai. A sa ni a addu'a.

Ka gaida kowa da kowa.

Ɗanka,
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ban girma. Na ji daɗi da ƙafar Umma ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Wasiƙarka ta iso. Layi biyar ka rubuta, huɗu gaisuwa, na biyar tambaya: me na rubuta a kan matar nan mai kunne? Kwana uku takardar tana aljihuna, na kasa zama in amsa.

Ƙarya na rubuta, Baba. Na ce tana da ƙoƙari, amma ba a iya barin ta ita kaɗai da na'ura, tana bukatar ƙarin shekara biyu a ƙarƙashina. Ni da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara a bara, ta riƙe na'ura goma sha ɗaya ita kaɗai, ko mara lafiya ɗaya bai rasa lokacinsa ba, ta kuma riƙa aiko mini da abinci har ɗakina.

Ba zan ce shugaban sashe ya tilasta mini ba. Fom ya miƙo mini kawai, ya ce in rubuta abin da na gani. Tsoro ne ya kama ni. Na tuna shekara ukun da na yi a kan bencin garejinka da digirina a cikin akwati, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya tambaye ni ko har yanzu shiru. Na ji ba zan iya komawa kan bencin nan ba, sai na ɗauki biro.

Ga abin da ya fi muni. Ofishin ya dawo da takarduna, wai lambar fasfon da na sa a fom ba daidai ba ce. Ina can ɗakin marasa lafiya, sai sakatariya ta ba Mai Gilashi ambulan ɗin a buɗe ta ajiye mini. Da na dawo na tarar da takardun a kan teburina, an jera su tsaf. An zagaye lambar da na yi kuskure da fensir, an rubuta ta daidai a gefe, da irin rubutunta mai kwanciya. Rahoton yana nan shafi na biyu, da ɗan tabon man inji a kusurwarsa.

Ta karanta, Baba. Ta karanta, ta gyara mini kuskurena don kada a sake dawo da takardun, ba ta ce mini uffan ba.

Da ta zage ni, da na samu sauƙi. Abin da ta yi shi ne, tun daga ranar ba ta ɗaure ko noti ɗaya sai ta tambaye ni. Za ta zo da matatar na'ura a hannu, wadda ta canza sau ɗari, ta tsaya cikin ladabi tana tambaya ko ta sa daidai. Jiya na'ura ta huɗu ta soma ƙara, na ga ta ji, na ga hannunta ya motsa, amma ta zauna tana jiran in ɗago kai. Wani dattijo yana kwance a jikin na'urar yana kallonmu. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba.

Na tuna ranar da ka yaye Dogo, yaron da ya koyi aiki a wurinka. Ya fi kowa amfani a garejin, Umma ma ta ce ka riƙe shi ko shekara ɗaya, ka ce wanda ya iya ya iya. Ka ba shi sifanarka da hannunka. Ina tsaye a wurin, shekarata goma.

Takardun suna cikin durowa, ban mayar ba. Saura mako uku.

Ɗanka mai jin nauyinka,
Auta

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Umma da su Yaya fatan alheri. Ban jira amsarka ba, domin na san abin da ke ciki.

Ranar Litinin na ɗauki takardun na tafi ofishin shige da fice. Na karɓi lamba, na zauna a kujerun ƙarfen nan tare da likitoci da malamai da masu ginin gada, kowa ya rungume ambulan ɗinsa kamar jariri. Awa biyu na yi. Da aka kira lambata na isa gaban tagar, ma'aikaciyar ta miƙo hannu, sai idona ya faɗa kan zagayen fensir ɗin nan, ashe ban goge shi ba. Na ce mata na yi mantuwa, na juya. Na bayana har yana yi mini godiya.

Daga nan ofishin shugaban sashe na wuce. Na gaya masa rahoton farko ƙarya ne, na zauna a gabansa na rubuta sabo. Ya karanta, ya tambaye ni sau biyu ko na san abin da wannan ke nufi. Na ce na sani. Kallon da ya yi mini ba na yabo ba ne, domin ya sa hannu a na farkon, kuma yanzu ya san da wane irin mutum ya yi aiki shekara biyu.

Ba za a ƙara mini wa'adi ba. Ina tafe ranar ashirin ga wata.

Na kai wa Mai Gilashi makullin ɗakin gyara da kwafin sabon rahoton. Na shirya magana mai tsawo ta neman gafara, rabi kawai ya fito. Ta cire gilashinta ta goge, ta karanta har ƙarshe, ta sa makullin a aljihu. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuwa ga laifinta ba. Muna nan tsaye na'ura ta huɗu ta sake ƙara. Ta ɗauki akwatin kayan aiki ta wuce ta gabana, ko kallona ba ta yi ba. Wallahi Baba, ban taɓa jin daɗin a yi banza da ni ba sai ranar.

Kada ka gaya wa Umma dukan labarin, ni zan gaya mata da bakina in na samu ƙarfin hali. Ka sa a share mini bencin nan. Masu wucewa za su tambaye ka ko korata aka yi. Ka ce musu a'a, wadda aka ba ni in koya wa ce ta iya, ni ne dai na yi jinkirin faɗa.

Sai na iso, in Allah ya yarda.

Ɗanka,
Auta